Darasi: Me Ya Sa Gonar Ƙungiya Ta Fi Kowace Gona Ciyawa?



Idan muka shiga ƙauye cikin watan Agusta domin duba gonar ƙungiya, sau da yawa ba ma bukatar ɗan jagora. Sai mu bi hanya muna duban dama da hagu. Inda muka ga dawa ta yi rawaya, harƙiya ta kai gwiwa, ba a yi maimai ba, to, mun iso. Ba kullum haka yake ba, amma ya yawaita har ya isa a zauna a yi magana a kansa.

Abin mamaki shi ne, masu wannan gona su ne masu gonakin da suke kewaye da ita, waɗanda aka nome tas, aka yi musu huɗa a kan kari. Mutanen ɗaya ne, fartanyar ɗaya ce, ƙasar ɗaya, ruwan sama ɗaya. Sa'ad da kaka ta yi, sai a tarar amfanin gonar bai isa biyan bashin taki ba. Taro ya koma na zargi. Shugaba ya ce mutane ragwaye ne. Samari su ce dattawa ba sa zuwa sai ranar rabo. Waɗansu su janye jiki ba sallama. Ƙungiyar da aka kafa da murna ta mutu cikin shekara biyu ko uku, ta bar bashi da gaba a tsakanin maƙwabta.

Mu ma, lokacin da muka fara wannan aiki, mun ɗauka maganin abin faɗa ne da gargaɗi. Mun yi gargaɗi har murya ta dushe. Ciyawa ba ta ji ba. Daga baya ne muka gane cewa wannan hali ba na ƙauyenmu kaɗai ba ne, masu nazarin halin ɗan Adam kuwa sun daɗe da auna shi da ma'auni. Bari mu ga abin da suka samu.

Malamin gona da igiyarsa

Wanda ya fara auna abin malamin aikin gona ne, mutumin Faransa, sunansa Max Ringelmann. An haife shi a 1861, ya rasu a 1931. Aikinsa shi ne binciken kayan noma da ƙarfin da yake jan su, wato doki da sa da mutum. Tsakanin 1882 da 1887, a makarantar aikin gona ta Grand-Jouan, ya riƙa sa ɗalibai su ja igiya wadda aka ɗaura wa ma'auni mai nuna ƙarfin ja, kamar yadda sikeli yake nuna nauyin buhu. Kowa ya ja shi kaɗai tukuna, aka rubuta. Sa'an nan suka ja a haɗe. Bai buga sakamakon ba sai a 1913.

A lissafi, idan mutum ɗaya ya ja ƙarfi 100, mutum biyu sai su ja 200, takwas su ja 800. Amma ba haka ma'auni ya nuna ba. Da aka haɗa mutum biyu, kowannensu ya ba da kashi 93 cikin 100 na ƙarfin da yake bayarwa shi kaɗai. Da suka zama uku, ya sauka zuwa 85. Da suka kai takwas, kowa kashi 49 ya bayar. Ku ɗauki alli ku buga: 49 sau 8 ya zama 392. Wato mutum takwas a kan igiya ɗaya ba su cika ƙarfin mutum huɗu ba. Ƙarfin mutum huɗu ya ɓace, ga su kuwa tsaye riƙe da igiya, suna nishi.

Kada mu yi kuskure a nan. Takwas ɗin sun fi mutum ɗaya ja nesa ba kusa ba, hannu ɗaya kuwa har yanzu ba ya ɗaukar jinka. Tambayar ita ce, ina sauran ƙarfin ya tafi?

Ringelmann ya ce yawancinsa rashin daidaitawa ne ya cinye. Wannan ya ja yanzu, wancan ya ja bayan ƙiftawar ido, ɗaya ya karkata dama, ɗaya hagu. Duk wanda ya taɓa haɗa shanu biyu a karkiya, ɗaya mai sauri ɗaya mai nawa, ya san wannan. Amma ya kuma ambaci wani abu dabam da aka gani wurin fursunoni waɗanda aka sa su juya injin niƙan gari da hannu. Bayan ɗan lokaci, kowa sai ya dogara ga na kusa da shi, ya bar hannunsa yana bin mariƙin kawai, wani ma har mariƙin ne yake jansa.

Ɓarayi biyu ke nan suke satar ƙarfin taro. Na farko rashin daidaitawa. Na biyu sakin jiki. Wanne ne babban ɓarawo?

Yadda aka kama ɓarawo na biyu

An yi shekaru da yawa ba a raba gardamar ba. A 1974, wani malami mai suna Alan Ingham da abokan aikinsa a jami'ar Massachusetts ta Amurka suka yi wata dabara. Suka ɗaure wa mutum idanu da ƙyalle, suka tsayar da shi a gaban igiya, suka ce masa akwai mutane a bayansa za su ja tare. Na bayan kuwa an riga an shirya da su: su yi ta nishi da motsi, amma kada su ja. Mutumin shi kaɗai yake ja, bai sani ba. A nan babu zancen rashin daidaitawa, gama babu wanda zai daidaita da shi. Duk da haka, sa'ad da mutum ya san shi kaɗai ne, jansa ya fi na lokacin da yake zaton akwai mutane a bayansa da wajen kashi 18 cikin 100. Zato kaɗai ya isa ya sassauta masa hannu.

A 1979, waɗansu malamai uku na jami'ar jihar Ohio, Bibb Latané da Kipling Williams da Stephen Harkins, suka gwada da ihu da tafi. Aka ce wa ɗalibai su yi ihu iyakar ƙarfinsu, ana auna ƙarar. Ihun mutum shida tare bai kai na mutum ɗaya sau uku ba. Sa'an nan aka ɗaure musu idanu, aka sa musu abin sauraro a kunne mai ƙara sosai, yadda mutum ba zai ji ko shi kaɗai yake ihu ba. Wanda yake zaton su biyu ne ya ba da kashi 82 na muryarsa. Wanda yake zaton su shida ne ya ba da kashi 74. Malaman suka sa wa wannan hali suna, wanda za mu iya kira da Hausa lalacin taro.

Akwai abu biyu a cikin wannan bincike da muke so kowane shugaban ƙungiya ya riƙe.

Na fari, mutanen da suka sassauta ba su ga kansu a kan masu ha'inci ba. A ganinsu ƙoƙarin da suka yi su kaɗai shi suka yi cikin taro. Saboda haka, idan ka tsaya a gaban taro ka ce, "Waɗansunmu ba sa aiki," kowa zai kaɗa kai ya yarda, yana tunanin wani. Ba wanda zai ji da shi ake. Dalilin da ya sa gargaɗinmu bai kashe ciyawa ba ke nan.

Na biyu, a 1981 malaman nan suka sake gwajin, suka rataya wa kowa makirufonsa, suka gaya masa za a san ƙarar muryarsa shi kaɗai ko da yana cikin taro. Sai lalacin ya ɓace. Mutum cikin taro ya yi ihu kamar yadda yake yi shi kaɗai. Ba a yi masa faɗa ba, ba a ci shi tara ba, ba a ƙara masa lada ba. An dai sa aikinsa ya zama abin da za a iya gani.

Abin da yake cikin zuciyar mai fartanya

Bari mu dawo gona. Mutum ashirin sun watsu cikin eka biyu, kowa yana sara inda ya ga dama. Da yamma an tashi. Wa ya nome ina? Ba wanda ya sani. Wanda ya yi kunya goma da wanda ya yi uku, magatakarda ya rubuta musu abu ɗaya: ya zo. Ranar rabo kuma mudunsu ɗaya.

A irin wannan hali tunani uku sukan shiga zuciyar mutum, ko da bai furta su ba, ko da bai lura da shigarsu ba. Ɗaya yana cewa, ko na yi ko ban yi ba, ba mai ganewa. Ɗaya yana cewa, muna da yawa, nawa ba zai ƙara kome ba. Na ukun shi ne mafi dafi: don me zan kashe kaina wani ya ci gumina?

Wannan na uku ba raggo yake kamawa ba, mai ƙwazo yake kamawa. Wani malami a Amurka, Norbert Kerr, ya nuna haka a 1983. Ya haɗa mutane biyu biyu a kan aiki, ya shirya yadda mutum zai ga abokinsa yana ta kāsawa. Idan mutum ya san abokin nan yana da iyawa amma ya ƙi yi, sai shi ma ya rage ƙoƙari, ya gwammace su yi hasara tare da a mai da shi wawa. Amma idan ya san abokin ba shi da iyawar ne, ba ya ragewa. Ku lura da wannan bambanci, gama yana da amfani ƙwarai. Mutane sukan ɗauki nauyin marar ƙarfi da zuciya ɗaya. Nauyin mai wayo ne ba sa ɗauka.

Ta haka ciwon yake yaɗuwa. Mutum biyu sun tsaya hira a gindin ɗorawa. Na ukun da ya fi kowa aiki ya ɗaga kai ya gan su, ya miƙe ya dafa ƙugu. Mako mai zuwa ya makara. Mako na bayansa ya aiko yaro. Idan mai ƙwazo ya fara aiko yaro, shugaba ya san ƙungiya ta kama hanyar mutuwa.

A 1993, Steven Karau da Kipling Williams suka tattara bincike 78 da aka yi a kan wannan hali suka duba su gaba ɗaya. Suka ga lalacin taro yana nan kusan ko'ina, a aikin hannu da aikin tunani. Amma yakan ragu, har wani lokaci ya ɓace, idan ana iya auna aikin kowa, idan mutum ya ga aikin yana da muhimmanci a gare shi, idan ya san nasa rabon ba mai yi sai shi, da kuma idan abokan aikin mutanensa ne da yake daraja su. Sun kuma ga ya fi sauƙi a wurin mata, da wurin mutanen gabashin Asiya inda ake girmama zaman jama'a. Zancen mata bai ba mu mamaki ba. A yawonmu, mun sha tarar da gonar ƙungiyar mata tsaf, ta maza kuwa a gefenta sai a hankali. Maza su yi haƙuri, abin da muka gani ke nan.

Gandu, gayauna, da wani ƙauye a ƙasar Sin

Iyayenmu ba su jira malaman jami'a kafin su san wannan ba. Kowane maigida ya san yadda saurayi yake riƙe fartanya a gandu da safe, ya kuma san yadda yake riƙe ta a gayaunarsa da yamma, bayan ya ce ya gaji. Amfanin gandu na gida ne duka, amfanin gayauna na aljihunsa ne. Maigida mai hankali bai hana gayauna ba. Ya ba kowanne lokacinsa, ya kuma shiga gandun da kansa, yana gaba 'ya'ya suna biye.

Inda aka hana gayauna aka mai da kome gandu, an sha wuya. A ƙasar Sin, tun daga 1958, gwamnati ta tattara manoma cikin manyan gonakin gama kai, ba da zaɓinsu ba. Ana fita aiki tare, ana rubuta wa mutum maki, a ƙarshen shekara a raba abin da ya saura bayan an ba gwamnati nata. Mai ƙwazo da mai jan ƙafa kusan abu ɗaya suke samu. A ƙarshen 1978, a wani ƙauye mai fama da yunwa da ake kira Xiaogang, cikin lardin Anhui, magidanta 18 suka taru a ɓoye. Suka yi yarjejeniya su raba gonar gida gida, kowa ya biya rabon gwamnati, abin da ya ragu nasa ne. A lokacin wannan babban laifi ne. Suka dangwala yatsa a takarda, suka yi alkawari idan aka ɗaure wani a cikinsu, sauran za su riƙe 'ya'yansa har su kai shekara 18. Amfanin da suka girbe a 1979 ya ninka na shekarun baya. Cikin 'yan shekaru kaɗan gwamnatin da kanta ta karɓi wannan tsari ta baza shi a ƙasar.

Wani zai ce, to, mu ma mu raba gonar ƙungiya kowa ya kama gabansa. Mu ba mu ga haka ba. Su tilasta musu aka yi, aka kuma ƙwace musu nasu. Mu da ƙafarmu muka shiga, gonakinmu suna hannunmu. Akwai kuma abubuwan da gida ɗaya ba zai iya ba: sayen shanun huɗa da garmarsu, sarin taki a kan kari, gina rumbun ajiya, riƙe hatsi har farashi ya tashi. Abin da labarin ya koya mana shi ne, duk inda aka raba gumin mutum da abin da zai samu, hannunsa zai yi sanyi, ko Basine ne ko Bafaranshe ko ɗan ƙauyenmu.

Ku dubi gayya da sabon ido

Ga wata tambaya da ta daɗe tana damunmu. Idan taro yana rage ƙarfin mutum, me ya sa a ranar gayya samari suke yin aikin da ba sa yi a gonar ubansu? Mutum talatin su shiga gona da hantsi, kafin la'asar sun tashe ta. A nan taro ƙara ƙarfi yake yi.

Da muka zauna muka ɗora gayya a kan abin da malaman nan suka gano, sai muka ga ta riga ta ɗaure ɓarayin nan biyu tun kafin a haifi Ringelmann.

A gayya ba a watsuwa cikin gona. Ana jeruwa, kowa ya kama kunyarsa. Wanda ya wuce gaba kowa ya gan shi, wanda aka bari a baya ma kowa ya gan shi. Makirufon 1981 ke nan, ba waya ba batir. Ga gangar noma tana ba da kari, garemani suna tashi tare suna sauka tare, rashin daidaitawa ya kau. Makaɗi kuma ba taro yake yi wa kirari ba, mutum yake kira da sunansa da sunan ubansa, 'yan mata masu kawo fura suna ji. Aikin yana da iyaka da ido yake gani, wato bakin gona. Akwai tuwo da goro a ƙarshe. Bayan wannan duka, kowa ya san gayya bashi ce: wanda ya yi ha'inci a gonar wani yau, ranar tasa gayyar zai ga sakamako.

Yanzu ku dubi yadda muke yin aikin gonar ƙungiya. Mun ɗauki taron gayya, mun bar kunyar kowa, mun bar ganga, mun bar kirari, mun bar tuwo. Muka kawo littafin kiran suna a madadinsu. Littafin nan ƙafafun da suka iso yake ƙirgawa, bai san abin da hannu ya yi ba.

Amma kada mu yabi gayya fiye da kima. Kowa ya san abin da ake nufi idan aka ce aikin gayya. Gudu ake yi, sai a binne ciyawa maimakon a sare ta, a sare dawa maimakon ciyawa. Bayan kwana bakwai, ruwa ya sauka, gona ta koma kore kamar ba a taɓa ta ba. Dalili kuwa a fili yake. Abin da ake gani a ranar gayya sauri ne, shi makaɗi yake yabo, shi mutane suke bayarwa. Duk abin da ƙungiya ta sa wa ido, shi za ta samu. Idan zuwa take dubawa, za a zo. Idan sauri, za a yi sauri. Idan tana son noma mai kyau, tilas ta nemi hanyar ganin kyan noman kowa.

Marar ƙarfi fa?

Waɗansu za su ji tsoro cewa idan aka bayyana aikin kowa, tsoho da marar lafiya da gwauruwa za su sha kunya. Wannan tsoro yana da dalili, bai kamata a yi wasa da shi ba.

Akwai wani bincike da zai taimake mu. Wajen 1926, wani Bajamushe mai suna Otto Köhler ya gwada 'yan wasan tuƙa kwalekwale a birnin Berlin. Ya sa su riƙa ɗaga nauyi har su gaji, da fari kowa shi kaɗai, sa'an nan biyu biyu a kan sanda ɗaya, yadda idan ɗaya ya saki, aikin ya tsaya. Sai ya ga marar ƙarfin yakan jure fiye da yadda ya jure shi kaɗai, gama ya san abokinsa da shi ya dogara. Abin ya fi kyau idan tazarar ƙarfinsu ba ta yi yawa ba. Idan aka haɗa ƙato da wanda ba ya ko kusa da shi, ƙarin ba ya samuwa sosai.

Wato mutum yakan fid da ƙarfin da bai san yana da shi ba sa'ad da ya ga ana bukatarsa. Abin da yake kashe zuciyar marar ƙarfi shi ne ya ji ko yana nan ko ba ya nan duk ɗaya. Mu kuma tuna da abin da Kerr ya gano: mutane ba sa ƙyashin ɗaukar nauyin wanda ya kāsa da gaske. Saboda haka a faɗi abin a fili a taro. "Baba ba zai iya kunya goma ba, biyar za mu ba shi." "Inna za ta riƙe mana zuba taki da tsaron tsuntsu." Idan aka faɗa aka yarda, ba mai gunaguni. Ɓoyewa ce take haifar da zato.

Abin da za mu gwada a damina mai zuwa

In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Mutum ashirin a fili ɗaya sun yi yawa. A kasa su uku uku ko huɗu huɗu, a bar mutane su zaɓi waɗanda suke shiri da su, amma kwamiti ya duba kada ƙarfafa su taru wuri ɗaya. A auna gonar, a ƙirga kunyoyi, a ba kowane kashi nasa yanki tun daga shuka har girbi, a kafa turke da suna a bakin yankin. Tun da ƙasa ba ɗaya ba ce, wani gefen jigawa wani gefen kwari, wani kuma ƙuduji ya kama, sai a jefa ƙuri'a a gaban kowa, a kuma sake jefawa kowace shekara.

Littafin magatakarda ya sake fuska. Maimakon "ya zo" da "bai zo ba", a rubuta kunya nawa aka gama da ranar da aka gama. Dubawa kuwa kada a yi ta a ranar aiki. A bari sai bayan mako guda, dukan ƙungiya su zaga gonar tare, yanki yanki. Ba a bukatar dogon jawabi. Ciyawar da aka binne za ta ba da shaida da kanta, ido kuwa ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Yankin da ya yi kyau a ambaci masu shi da sunansu a gaban jama'a. Wannan ne kirarinmu, bai ci ko kwabo ba, amma shugabanni da yawa suna rowarsa.

Zancen rabo a gama shi kafin a zuba iri. Nawa ne na biyan bashi, nawa ne na asusu, nawa za a raba bisa ga aiki. Kuɗin asusun ma a sa masa suna. "Domin ci gaban ƙungiya" ba ya sa kowa ya tashi da asuba. "Domin mu sayi shanu biyu da garma kafin damina ta gaba" yana sawa, musamman idan ma'aji yana karanta abin da aka tara a kowane taro.

Game da tara, mun san ƙungiyoyi da yawa suna cin wanda bai zo ba. Ba mu ce a daina ba, gama tana kwantar da zuciyar masu zuwa. Sai dai tara jiki take kawowa gona, ba ta kawo hannu. Kuma ranar da aka yafe wa ƙanen shugaba, amfaninta ya ƙare.

Ba kowane aiki ne yake rabuwa ba. Ɗaga jinka, jawo ƙasa daga rijiya, tura amalanken da ya kafe, waɗannan igiyar Ringelmann ce sosai. A nan a rage yawan hannu zuwa abin da aikin yake bukata, sauran su huta su karɓa, mutum ɗaya kuma ya riƙa ba da murya domin a ja tare. Idan akwai makaɗi a gari, a kira shi.

Abu na ƙarshe ba na zuciya ba ne, na kalanda ne, amma in mun bar shi mun zalunci mutane. Makon da gonar ƙungiya take neman noma, shi ne makon da gonar kowa take nema. Mutumin da ya zaɓi abincin 'ya'yansa a kan gonar ƙungiya ba raggo ba ne. Saboda haka a yanke ranakun aikin ƙungiya tun da rani, kowa ya san su. A kuma noma abin da za a iya riƙewa. Mun ga ƙungiyoyin da suka karɓi fili mai faɗi don an ba su kyauta, filin ya fi ƙarfinsu, alhali da rabinsa suka noma da sun biya bashinsu.

Domin tattaunawa a taronku

Magatakarda ya karanta wannan darasi da ƙarfi, sa'an nan a amsa waɗannan tare, ba tare da kiran sunan kowa ba.

1. A aikinmu na ƙarshe, da wani baƙo ya tambaye mu wa ya nome wane wuri, za mu iya nuna masa?
2. Akwai mai ƙwazo a cikinmu da ya fara makara ko aiko yaro? Me ya gani kafin ya fara?
3. Su wa ya kamata a rage wa aiki, wane aiki kuma za mu ba su wanda ba mai yi sai su?
4. Kunya nawa ne a gonarmu? Idan ba mu sani ba, su wa za su je su ƙirga kafin taro mai zuwa?